Karan da Nake Bari a Gonar Fagada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Jega Firchin, ranar Laraba.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka lafiya inda ka nufa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Innarka na sa ta cusa ta a jakarka, ƙarƙashin kayan sawa, don kada ka gan ta sai ka isa. Sunan mahaifina ka ci, kuma kai ne na fari. Ko sunanka ba na iya kamawa, balle in zaunar da kai in dubi idonka in faɗa maka abin da ke cikinta.

Labarin gida ba zan ba ka ba, tunda yau ka baro shi. Maganar aikinka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce malaman jami'a sun ɗauke ka aikin bincike, za su horar da ku 'yan watanni, sannan su turo ku ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama. Ku riƙa tambayar mutane yadda suke amfani da ruwa da ƙasa da itatuwa, da abin da tsare-tsaren gwamnati suka yi musu, da ko sun yarda da hukuma. Da ka karanta mini tambayar nan ta yarda na yi dariya, na ga ranka ya ɗan ɓaci, ka ɗauka raina aikin na yi. Ba raini ba ne. Na taɓa yin irin aikin, kuma na ɓata shi.

Akwai kuma wata tambaya da kake yi mini kowace kaka tun kana sakandare: me ya sa nake barin karan dawa a gonarmu ta Fagada har gara ta cinye, alhali ga masu kiwo suna nema su saya? Kullum sai in ce maka ƙasa nake ciyarwa. Yau zan ba ka amsar gaskiya.

Shekarar da ta biyo bayan yanko Kebbi daga Sakkwato, kowa zuciyarsa cike take da buri. Muna ganin tunda gwamnati ta matso kusa, ai komai ma zai matso. Ina koyarwa a firamare lokacin, sai aka zo neman wanda ya iya Turanci kuma ya san ƙauyuka, ya raka wasu masu bincike da za su duba inda ya dace a bunƙasa noman rani. Aka nuna ni. Shugabansu wani Dakta ne, baƙo, siriri, mai haƙuri, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ni ne kunnensa, ni ne bakinsa, kuma ni nake cika fom. Kada ka ɗora wa mutumin nan laifi a ranka, duk abin da ya rubuta daga hannuna ya fito.

Aka ba ni gaban farar mota. Babana, da ka ga ubanka ranar da ka yi dariya. Na sa shaddar Sallah, na sayi takalmi sau ciki wanda ya yi ta cizona, na rungume fayil kamar jinjiri. Duk ƙauyen da muka shiga sai na bari direba ya buɗe ƙofa kafin in sauko, ni da ko keke nawa na aro ne. Mutanen da muke cin tuwo a kwano ɗaya suka koma durƙusa mini. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ban lura ba shi ne, daga ranar babu wanda ya ƙara yi mini magana irin ta da. Mai rumbu uku ya ce ɗaya gare shi, don yana tsoron haraji. Wanda bai taɓa dasa albasa ba ya ce tun kakansa suke yi, don ya ji ana raɗe-raɗin injin ban ruwa.

Raɗe-raɗin nan kuwa ni na ƙara masa gishiri. Dakta ya ce in gaya wa mutane bincike ne kawai, babu alkawarin komai. Na ga in na faɗi haka kowa zai watse, sai na riƙa cewa, "To, ba a sani ba dai, amma wanda sunansa ke cikin takarda ai ya fi wanda ba ya ciki." Ban yi ƙarya a baki ba, amma na san abin da suka ji. A kasuwar Aliero wani dattijo ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Malam, rubuta ni, don Allah. Injin ga kar shi wuce ni." Na rubuta shi, alhali ko cikin ƙauyukan da aka zaɓa ba ya.

Saboda haka ka bar motar a bakin gari ka shiga da ƙafa. Ka sa rigar da kake zuwa gona da ita in ta yi tsabta. Ka faɗi abin da takardarka za ta iya da abin da ba za ta iya ba tun kafin a kawo maka ruwa, ko da rabin mutanen za su tashi. Waɗanda suka zauna su ne za su gaya maka gaskiya. Mutumin da ke jiran inji daga hannunka ba amsa yake ba ka ba, roƙo yake yi.

Wannan duka ƙarami ne a kan abin da ya faru a Tungar Gawo.

Kana tuna Baffa Manu, Bafulatanin nan dogo da yake kawo mana nono da man shanu. Mahaifinsa da mahaifina suka fara hulɗa, mu muka gada. Kowace shekara in an gama yankan dawa, sai ya sauko da garkensa ya kafa ruga a gonarmu ta Fagada. Shanunsa su ci kara, su bar mana taki, mu kai masa damin gero, matansa su shigo wurin innarka su wuni. Ba mu taɓa yin ciniki a kan wannan ba, ba mu taɓa kiran shaida ba. Shanuna biyu ma suna cikin garkensa, shi yake kiwonsu, ban taɓa tambayarsa me suka haifa ba sai in ya faɗa. In rani ya tsananta, rijiyoyi suka ja baya, ruwan da garken nan yake sha ɗaya ne: tafkin Tungar Gawo. Akwai burtali mai faɗi da ya ratsa tsakanin gonaki ya gangara har bakin ruwan, tun kafin a haife ni shanu suke binsa.

Mun isa Tungar Gawo da ƙarshen damina, lokacin da ruwa yake ko'ina, shanu suna can daji ba su da bukatar tafki. Ciyawa ta rufe burtalin. Ni na ba da shawarar a yi zaman a ƙofar Maigari, don a tara kowa a gama da wuri mu koma Jega kafin la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi, manoma suka cika wurin, kowa ya san maganar inji ce. Manu ya shigo gari sayen kanwa, ya ga taro, ya tsuguna can gefe da sandarsa a kafaɗa. Muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu, na ɗan gyaɗa kai irin na manya.

A cikin fom akwai tambaya: shin akwai masu amfani da tafkin da rani? Na fassara. Maigari ya waiga ya dubi jama'a ya ce, "Kun jiya. Wa ka amfani da tabkin ga in rani ya yi?"

Wani daga baya ya ce, "Ruwan banza na, ranka shi daɗe. Kwaɗi kaɗai ka sha nai."

Aka fashe da dariya. Na dubi Manu. Kansa yana ƙasa, yana zane da tsinke a kan rairayi. Bai ce uffan ba. Na san ba zai ce ba. Bafulatani irin Manu ba ya buɗe baki cikin taro ya ce yana da bukata, balle a ƙofar mai masaukinsa, balle ya ƙaryata shi a gaban baƙo. Ko ƙishirwa za ta kashe shi, sai an yi masa tayin ruwa sau uku. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka. Dakta ne kaɗai bai sani ba, kuma don irin wannan aka ɗauke ni.

Na rubuta: babu.

Dakta mutum ne mai lura. Da muka zagaya bakin tafkin ya tsaya ya nuna filin nan mai faɗi da ba a noma ba, ya tambaye ni me ya sa aka bar shi. Na ce tsohuwar hanya ce. Ya ce in tabbata babu dabbobin da ke sha a nan? Na ce masa ai a gabansa aka tambaya, kuma har da Bafulatani a wurin, bai musa ba. Ya ce madalla, ya rufe littafinsa.

Za ka so ka san dalili. Na shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa gajiya ce, ko kunyar Maigari, ko kuma abin da jama'a suka faɗa na rubuta, ni ɗan aike ne. Ba haka ba ne. Kafin a zauna, Maigari ya ja ni gefe ya ce in Allah Ya sa aka raba filin bakin tafki, ba za a manta da Malam ba. Na ga yadda albasa take ɗaga mutanen Aliero, na ga ku shida a gabana da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Na ce a raina shanu ai ƙafa gare su, sa sami wani ruwan. Da idona a buɗe na rubuta kalmar.

Ka ji ni da kyau a nan. Kada ka yi tambayar da ta shafi ruwa ko ƙasa a ƙofar mai iko ka ce ka ji ta bakin jama'a. Abin da za ka ji shi ne abin da ya dace a faɗa a ƙofar. Ka bi mutum gonarsa, ka bi shi rugarsa, ka sa mace ta shiga wurin mata. Ka koma wurin da rani in da damina ka fara zuwa, domin tafkin da ka gani a watan da ake yankan gero ba shi ne na watan zafi ba. Ranar da wani ya ce ba za a manta da kai ba, ka miƙa fom ɗin ƙauyen ga abokin aikinka, ka koma mota ka zauna. Ban ce ka fi ni ƙarfin zuciya ba, kuma kada ka gwada.

Bayan kamar shekara rahoto ya fito, abin da aka yi da shi kuma ka gani da idonka. Aka raba bakin tafki kadada-kadada har da burtalin, aka kawo injuna, aka ba ni fili mai kyau dab da ruwa. Tsakanin fitar rahoton da rabon filin akwai watanni. Ina iya zuwa in ce a gyara, a bar ko da zira'i goma shanu su wuce. Dakta ya bar mini adireshinsa, takarda ɗaya ta isa. Ban rubuta ba. Manu ya sauka a gonarmu da kakar nan kamar kullum, na je na gaishe shi, muka sha fura, na tashi ban gaya masa komai ba.

Da rani ya yi, garke ya gangaro hanyar da ya sani, ya tarar da albasa kore shar a kanta. Saniya mai ƙishirwa ba ta san kadada ba. Aka yi ɓarna, aka fito da sanduna, aka karya wa ƙanen Manu hannu, aka fasa wa wani manomi kai. Maganar ta kai gaban alƙali. Manoma suka nuna takardar rabon fili, wadda aka gina a kan rahoto, wanda ya ce babu mai sha a tafkin. Fulani ba su da takarda. Aka ci su tara.

Kana makarantar kwana lokacin, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Wata safiya bayan sati biyu, ina shirin tafiya makaranta, aka yi sallama. Na fito na tarar da Manu a ƙofar gidan nan, riƙe da igiya. Shanuna ne, biyun da na ba shi da 'ya'yansu, sun zama biyar. Da ƙafa ya koro su tun daga ruga. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, ya tambayi innarka, ya tambaye ka, bai rage komai ba. Sannan ya ɗaure igiyar a jikin darbejiyar ƙofa ya ce, "Malam, ga amanakka. Ba ni da wurin da za su sha."

Abin da ya fito daga bakina, Allah Ya yafe mini, shi ne, "To Manu, ai kana wurin ranar. Don me ba ka yi magana ba?"

Ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai. Ya ce, "Mi za ni cewa, Malam? Kai ad da alƙalami. Ka san abin da nis sani, shanunka ma nan su ka sha. Na aza in kana wuri, kamar ina wurin na. Shi as sa niy yi shiru."

Ya ƙi shiga ya sha ruwa. Ya ce rana na yi, ya juya.

Innarka tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Da na shiga ta ce, "Malam, mi kay yi ma mutumen ga?" Na ɗauki littattafaina na tafi makaranta. Ba ta ƙara tambaya ba har yau, amma tun ranar ba ta taɓa sa albasar tafki a miyarta ba. A kasuwa take saye.

Ka ga dalilin dariyata da ka karanta mini tambayar yarda. Kuna da layi biyar: na yarda ƙwarai, na yarda, da sauransu. Ni na ga yarda tsugune a gefen taro tana zane da tsinke, na rubuta mata babu. Mutum ba ya shiru don ba shi da magana kaɗai. Wani tsoro ne, wani kunya, wani kuma ya ɗauka akwai nasa a wurin da zai faɗa a madadinsa. In ka yi tambaya aka yi shiru, ka bar gurbin a buɗe. Gurbi a buɗe yana sa a dawo a sake tambaya. In ka cike shi, babu mai dawowa.

Kai ka karanta tattalin arziki, ni ban karanta ba, amma bari in gaya maka abin da na gani. Rahoton ya lissafa buhunan albasar da tafkin zai bayar, kuma ya bayar, ba a yi ƙarya ba. Bai san da takin da shanu suke bari a gonakin tudu ba, domin ba a kai shi kasuwa. Da garkunan suka daina sauka, gonar Fagada da take cika mana rumbu biyu ta koma cika ɗaya da ƙyar, sai da takin zamani, shi ma in an samu. Injuna suka riƙa zuƙe tafkin, yanzu kafin zafi ya kai tsakiya ya zama laka. Itatuwan gawon bakin ruwa da shanu suke cin 'ya'yansu an sare su don suna yi wa albasa inuwa. Mafi tsadar abin da aka rasa kuwa shi ne, yau in Bafulatani ya ga mutum da fayil sai ya kora garkensa ya shige daji, manomi kuma in ya ga garke sai ya laluba sanda. Ka riƙa tambaya a kan abin da ba a sayarwa. Ka tambayi wa yake amfana da shi, da wane wata, da inda za shi in an hana shi.

Akwai abin da ya fi mini wuyar rubutawa, na bar shi ƙarshe. Albasar filin nan ce ta kai ka jami'a. Littattafanka, kuɗin motarka, rigar da ka sa ranar da kuka gama, duka a kan hanyar shanun Manu suka tsiro. Ba na faɗa don ka ji nauyi ba, kai ba ka da laifi, ba ka sani ba. Na faɗa ne don ka san ilimin da ke kanka akwai haƙƙin wani a ciki, kuma hanyar da na gani ta sauke shi ita ce ka yi aikin nan yadda ni ban yi ba. Filin kuwa na gaya wa Maigari bana ba zan dasa ba. Shi kaɗai ba zai buɗe burtali ba, akwai na mutum huɗu a gabansa, amma in wata rana aka zo gyara, ba nawa ne zai tare ba.

Manu ya tashi ya koma yankin Maiyama tun shekarar. Nakan hango shi a kasuwar Jega wurin 'yan shanu, ya tsufa, gemunsa ya yi fari. Sau biyu muka yi kiciɓis, muka gaisa lafiya lau, kamar mutanen da suka taɓa haɗuwa a mota. Sau biyun na buɗe baki in ce ya yafe mini, sai in ji kaina ina tambayarsa ruwan bana.

Na ga sunayen ƙauyukan da za a tura ku, wurin da yake zaune yana ciki. Za ka ji sha'awar ɓoye ko kai ɗan wane ne don aikinka ya yi sauƙi, domin Fulanin yankin sun san sunana, kuma ba da alheri ba. Kada ka ɓoye. Ka je rugarsa da ƙafa, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi da Baffa kamar yadda ka saba, ka faɗi sunana kafin ka faɗi naka. In ya kore ka, ya yi daidai, ka tashi da ladabi. In ya bar ka ka zauna, kada ka fito da takarda ranar. Ka koma gobe, ka koma jibi. Ranar da ya yarda ya yi magana, ka yi masa tambayar da aka yi a ƙofar Maigari, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ka karanta masa ya ji kafin ka rufe littafi.

In ka ga fuska, ka isar mini da saƙo ɗaya. Ka ce masa an yanke dawa a gonar Fagada, kara yana nan tsaye. Ka ce tun shekarar da ya tashi ban taɓa sayar da shi ba, ban bar garken kowa ya shiga ba.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya tsare hannunka daga rubuta abin da idonka bai gani ba, Ya sa mutane su yi maka magana da zuciya ɗaya, Ya sa ka cancanci haka. Ya dawo mana da kai lafiya. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ni kuma ka sa ni a addu'a, ka roƙa mini Allah Ya sa in ga hayaƙin ruga a gonar nan ko sau ɗaya kafin in mutu.

Wassalam.

Mahaifinka.